Yadda Na Dafa Ƙafafun Surukina

Har yau ban yafe wa wanda ya ƙera motata ba. Ta girmi ɗan farina, amma a ƙasar ƙanƙara aka haife ta, don haka da sanyin bara ya tsananta na rantse hitarta za ta yi aiki, ko da yake iskar da take hurowa ba ta kai ɗumin hamma ba.

Ana gobe zan kai surukina ɗaurin aure a garin Taba, shi ne waliyyin amarya, na buɗe bonet. Sai na tarar wani bakanike mara tsoron Allah ya cire tiyo biyu daga hitar ya haɗe su da juna. Na yi masa Allah ya isa, na mayar da kowanne gurbinsa.

Da safe na ce wa surukina, "Baba, a bar bargon nan a gida. Yau ɗumi har sai an roƙe ni in rage."

Muna fita daga garinmu Ikara na murɗa maɓallin hita. Ashe hitar a huje take, shi ya sa aka raba ta da ruwa. Tafasasshen ruwa ya tsiyayo kan ƙafafun Baba, tururi ya turnuƙe mu.

"Ɗan nan," in ji shi, ƙafafu a kan kujera, "in farfesu kake sha'awa, ai da ka faɗa an sayo ƙafar saniya."

Mota ta mutu. A kan acaba ya ƙarasa, ba bargo, ya tarar da taro ana ta jiransa.

Yanzu duk asubar sanyi sai ƙannen matata sun zo da buta, wai a tatso wa Baba ruwan alwala a mota.