Ƙyaure Babu Shinge

Tun da safe nake durƙushe a gindin motata ina kankare kwalta da tsohuwar wuƙar burodi, har na yanke yatsa. Maƙwabcina Hohepa ya leƙo ta saman shinge da kofin shayinsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko titin na sayo na taho da shi gida. Na ce masa ban saya ba, kyauta hukuma ta ba ni, kuma duk wanda ya bi hanyar duwatsu a wannan bazarar an ba shi rabonsa. Ya ce shi bai je ba, ina nasa rabon? Na ce ya kwantar da hankalinsa, harajinsa ya je a madadinsa.

Kwaltar nan aikin Mai Girma Sarkin Tituna ce, Allah ya ƙara masa hutu. Shi ne ya gano cewa a duk shekara babu lokacin da ya dace a fasa titi kamar makonnin bayan Kirsimeti, lokacin da a nan ƙasar ake tsakiyar bazara, rana ke narkar da komai, kuma kowane mai mota a Tsibirin Kudu na New Zealand ya kwaso iyalinsa ya hau hanya. Irin wannan basira ba a makaranta ake koyonta ba. Ni da na bar makaranta da wuri na tafi askin tumaki, da an ba ni aikin, da sai in yi shi lokacin da babu kowa a hanya, in ɓata wa mutane damar zama cikin mota su san halin danginsu.

Ba yawon shaƙatawa na je ba. Ban yarda da mutumin da ke da gado a gidansa ya tafi ya biya kuɗi don ya kwana a na wani ba. Goggo Noeline ce ta tashe ni, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin. A ƙauyen Morag aka haife ta, kuma tana budurwa aka gina madatsar ruwa, aka kwashe mutanen, tafki ya shanye ƙauyen. Bana ƙanƙara ba ta sauka sosai a kan duwatsu ba, ruwan sama ya yi ƙaranci, tafkin ya ja da baya yadda bai taɓa yi ba. Wata ta faɗa mata a coci cewa tushen gidaje ya fito fili. Ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

"Errol, za ka kai ni, ko in nemi ɗan wani?"

Ta ce dakalin ƙofar gidansu take so ta gani. Da zarar an yi ruwa a kan duwatsu tafkin zai koma inda yake, kuma ita ba ta sa ran ganin wani fari irin wannan. Ba ta faɗe shi don a tausaya mata ba. Yadda ake faɗar farashin ƙwai ta faɗe shi.

Mu huɗu muka tafi. Ni, da Goggo, da matata Raewyn, da ƙaninta Lyndon, wanda babu wanda ya gayyace shi. Lyndon ya yi rayuwarsa a wani ofis, ya fito da imanin cewa duk allon da aka kafa a gefen hanya wani mai ƙaunarsa ne ya rubuta. Ya zo da akwatin sanyi cike da naman sanyi da burodi, ya zauna a gaba saboda wai ƙafafunsa dogaye ne, ya bar tsohuwa a baya da jakunkuna.

Ba zan yi ƙarya ba, ƙasar tana da kyau. Allah ya yi duwatsun nan da tafkunan nan ya gama, ba tare da ya kafa kwamiti ba. Amma ba na iya ba ku labarin yawancinsu, don abin da na fi gani shi ne 'yan hulunan robar nan masu ruwan lemo da ake jerawa a titi. Dubbai. Sun bi kwari, sun hau tudu, sun zagaye tafki. A wasu wuraren babu ma'aikaci, babu mota mai aiki, babu ko shebur, hulunan ne kawai a jere suna gadin junansu. Na ce wa Lyndon da alama sun fi tumakin ƙasar yawa. Ya ce ban fahimta ba, akwai tsari. Na tambaye shi mene ne tsarin. Ya ce in da an faɗa wa irina ai ba tsari ba ne.

A wani ƙaramin gari muka shiga layin mai. Gidan mai ɗaya, famfo ɗaya ke aiki, rana tana dukan motoci, gabanmu masu jan kwale-kwale, bayanmu masu jan ɗakin kwana mai taya. Daidai wurin akwai ƙaton allo mai hoton yara suna dariya, yana sanar da cewa an kusa mayar da garin cibiyar baƙi ta zamani. Matar da ke sayar da man ta ce wannan allon shi ne na uku, duk zaɓe ana sake shi, kuma na bana ya fi kyau don yana ba karenta inuwa. Goggo ta sauke gilashin mota. Ta leƙa ta taga tana duban sararin yamma. Kowace safiya haka take yi kafin ta sha shayi.

Da muka isa tafkin, allo ya tura mu dandamalin kallo. Wannan kuma kyauta ce daga Ranka Ya Daɗe Shugaban Hukumar Tunawa da Abin da Aka Rushe. An gina shi can kan tudu da ƙarfe da gilashi, da matakalar da ko ni sai na huta sau biyu. An ce don mutanen Morag aka yi shi. Mafi ƙuruciya a cikin mutanen Morag yanzu da sanda yake tafiya. Raewyn ta hau a madadinmu, ta sauko tana haki, ta ce wani dutse mai farin kai ya fito tsaf, hoto zai yi kyau, amma ƙauyen yana bayan mai kallo, kafaɗar tudu ta tare shi.

Goggo ta ce mu bar wasan yara, tsohuwar hanya tana nan ƙasa. Ta nuna mini da sanda, na bi.

A can muka tarar da ƙyauren.

Sabo ne fil, na ƙarfe, an shafa masa fenti kore, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗon da ya kai dunƙulen hannu. A jikinsa allo: an rufe don lafiyarku. Ga lambar waya a ƙasa. Ta hagu da shi ciyawa ce a shimfiɗe. Ta dama ma haka. Babu shinge, babu waya, babu ko turke. Ƙyaure ne shi kaɗai tsaye a tsakiyar fili, kamar wanda ya zo biki ya tarar an tashi.

A gabansa kuma motoci ne a jere, mutane a tsaye hannu a ƙugu suna kallon tafkin daga nesa. Ko mutum ɗaya bai wuce ba.

Kada wani ya yi musu dariya. Da haka aka rene mu. Ƙyauren da ka tarar a rufe ba ka da hurumi a bayansa, wanda aka ba ka izini ka buɗe kuma ka mayar da shi yadda ka same shi. Mahaifina ya koya mini da bel, ni ma na koya wa 'ya'yana, kuma ban yi nadama ba. Ƙasar da ke kiwon tumaki ba ta zaunuwa sai da wannan. Don haka ni ma na kashe mota na fito na sa hannu a ƙugu.

Wani mai jan gemu, wanda ya ce kakansa ne mai kantin ƙauyen, ya ba mu labari. An kafa ƙyauren ana gab da zaɓe, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto. Shingen yana cikin kashi na biyu na aikin. Na tambaye shi yaushe ne kashi na biyu. Ya ce ana nazari.

Lyndon ya ce abin mai sauƙi ne, ai ga lamba. Ya kira, ya buɗe muryar don kowa ya ji yadda ake bin ƙa'ida. Wata murya mai daɗi ta ce ofis yana rufe har tsakiyar Janairu, ana yi mana fatan hutu mai albarka. Lyndon ya ce to ka gani, sai mu dawo. Raewyn ta dube shi irin duban da take yi masa tun suna yara, ya mayar da wayar aljihu.

A lokacin gajimare ya fara taruwa a kan duwatsun yamma, baƙi, mai nauyi. Kowa ya gani. Ruwan da zai sauka can, nan zai gangaro.

Na ji ƙarar ƙofar mota. Goggo ta fito da sandarta da jakarta a hannu, ta gyara hularta, ta taka a hankali har gaban ƙyauren. Ta karanta allon tun daga sama har ƙasa. Sannan ta ratse ta hagu, ta bi ta kan ciyawa, ta koma kan hanya ta ɗaya gefen.

"Goggo, an fa rufe," in ji Lyndon.

"Me aka rufe?"

"Ƙyauren."

"To ka ga na taɓa shi? Errol, ɗauko flas ɗin shayi da kujerata."

Ga hukuncina, kuma ban nemi kowa ya yarda ba. Ƙyauren da ke tsare tumakin wani, ko ni kaɗai ne a duniya ba zan ƙetare shi ba. Wannan ba ya tsare tunkiya, ba ya tsare gona, ba ya tsare yaro daga rami. Kujerar wani mutum yake tsarewa, don in wani abu ya faru ya ce ai ya kafa allo. Wanda ya kafa shi ya san mu sarai. Ya san ba sai ya kashe kuɗin shinge ba, tarbiyyar iyayenmu za ta yi masa aikin kyauta. Wannan ita ce satar da ta fi ba ni haushi, a ɗauki ladabin mutane a rufe lalaci da shi. Na ɗauki flas da kujera na bi Goggo.

Mai gemu ya biyo ni, sauran suka biyo shi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ta inda tsohuwa ta taka, kowa kansa a sunkuye kamar mai shiga coci a makare. Wani dattijo da ya wuce sai ya dawo ya girgiza kwaɗon don ya tabbatar a kulle yake, sannan hankalinsa ya kwanta.

Hanyar tana nan da tsakuwarta, ta bushe ƙamas. Goggo ta ce kada kowa ya sauka daga kan hanyar. Mutum ɗaya ne bai ji ba. Lyndon, wanda ya biyo mu daga ƙarshe yana cewa shi dai ya faɗa, ya hango wani allo an kafa can gefe, ya ratse don ya karanta. Ya nutse har gwiwa. Da muka jawo shi takalminsa ɗaya ya zauna a ciki. Allon cewa ya yi a yi hattara da laka.

Babu abin da ya rage na Morag sai layukan duwatsu da kututturan itatuwa, komai launin toka, ga warin ruwan da ya daɗe a kwance. Na ji tsoron kada ta kasa ganewa. Ta wuce tushen gida biyu ba ta ko waiwaya ba, ta tsaya a na uku, ta kankare busasshiyar laka da bakin sanda. Siminti ya fito. Ta ƙi kujerar da na ɗauko mata, ta zauna a kan dakalin, ta ɗora jakarta a cinya.

Ta shafa simintin da tafin hannunta. Raewyn ta ja ni gefe, muka yi kamar muna kallon dutse.

Da ta neme mu, shayi ta nema. Tana sha ta ce gidan sanyi ne da shi, rana ba ta shigarsa sai azahar, kuma mahaifiyarta ta tsine masa kowane hunturu. Ta ce a kan wannan dakalin babban mutumin wancan zamanin ya tsaya, da hularsa a hannu, ya ce wa mahaifiyarta hanyar tafki za ta kasance a buɗe ga mutanen Morag har abada. Aka ba shi shayi a kofin baƙi, wanda ko mahaifinta ba ya shan komai a ciki. Lyndon, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya ce ai ba laifin na yanzu ba ne. Ta ce ta sani, na yanzu ko shayin ba ya zuwa sha.

Na tambaye ta ko ta ga abin da ta zo gani. Ta buga dakalin da sanda, ya amsa da ƙarfi.

"Babanka da kakanka suka zuba shi da yamma ɗaya, bayan sun dawo daga gona. Ni na ɗebo musu ruwa. Duba ko ka ga tsaga."

Na durƙusa na duba shi gefe da gefe. Shekaru fiye da sittin a ƙarƙashin tafki, babu tsaga ko ɗaya. Na faɗa mata. Ta ce to shi ke nan, ta miƙo mini kofin, ta ce mu tashi kafin mu jiƙe. Muna isa mota aka fara yayyafi, kuma a daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsu. Na ji an ce tafkin ya fara komawa mazauninsa.

Ina roƙon mai karatu alfarma ɗaya. In kana da ɗan'uwa a wani ofis, kada ka faɗa masa akwai dakali mai lafiya a ƙasan tafkin nan. In Masu Girma suka ji, za su zo su gyara shi.