Ranar da Na Yi wa Tsuntsaye Biki

Ku matso ku ara mini kunne. Ga ta nan, kuma a kaina ta faru.

Jikata Rabi, mai karatu a Zariya, ta zo ƙauyenmu Furana hutu da wani kiɗa a wayarta. Ta ce na Turawa ne, tun zamanin ina goye. Ba ganga, ba waƙa, sai ƙarar ƙarfe da ɗigar ruwa da tsuwa kamar an taka ɓera.

Na ce, "Ke Rabi, ai wannan maganin tsuntsaye ne. Kawo in kai gonar gero."

Ta ce, "Kaka, saurare fa ake yi."

Na ce, "Ni za ki koya wa korar tsuntsu?"

Da na isa gonar, na kwance gwangwanayen da na rataya don korar tsuntsaye, na ɗora wayar da 'yar lasifikarta a kan kututture, na zauna. To, sai abin ya kama ni. Ina so in ji inda makaɗin nan ya dosa. Ya yi shiru in kasa kunne, ya fashe in zabura. Na lumshe ido ina binsa kamar mai bin sawun akuya. Ko da na buɗe ido, jan-baki sun rufe geron, suna ci suna yi masa amshi.

Malam Sule, maƙwabcin gonata, ya leƙo ya ce, "Iya, biki ake yi ba gayyata?"

Rabi ta koma makaranta da labari. Malam Sule ya cika rumbunsa. Tsuntsaye sun yi ƙiba. Ni kuwa har gobe in na shiga kasuwar Ikara sai a ce, "A ba da hanya, ga makaɗiyar jan-baki nan!"