Nomau Ba Ya Wuce Rubutu

A ƙauyen Rafin Gora akwai wani gida mai mutum uku da akuya ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya akuyar ta fi ɗaya daga cikin ukun wayo. Akwai Iya Tabawa mai ƙuli-ƙuli, wadda idonta ya fara rauni. Akwai ƙanin marigayi mijinta, Baffa Jatau, shi ne mai gidan. Sai ɗanta tilo, Nomau, ƙato mai shekara ashirin da tara, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, gobe ma nan za ka same shi. Da ƙyar aka tura shi ya gama sakandare. Sau biyu yana zana jarrabawar ɗaukar masu rubuta sunayen manoma a ofishin gona, sau biyu Turanci yana kwashe masa ƙafa. Bana ce ta ƙarshe, don ba sa ɗaukar wanda ya kai talatin. Baffa Jatau ya rantse in ya sake faɗuwa zai haɗa shi da motar albasa ya tafi kudu dako, Iya kuwa ta san yadda za ta yi da murhunta ita kaɗai.

Ana cikin haka sai ga Sadisu, ɗan Baffa, ya dawo daga jami'a da tabarau da ƙamus da baki kamar rediyo. Shi ma zai zana jarrabawar. Ya ce gurbi biyu aka ba kowace gunduma, ɗaya nasa ne tun yanzu, ɗayan kuma zai cusa Nomau ko da tsiya. "Iya, ki kwantar da hankalinki. Ina da dabaru, ko jaki na koya wa zai ci."

Wata rana Sadisu ya ce, "Kalmomi ne matsalarka. Duk abin da ke gidan nan ka rubuta sunansa da Turanci ka manna masa." Nomau ya samo ƙaro ya jiƙa. Ya manna wa turmi, ya manna wa randa, ya manna wa akuya. Ya tarar da Iya tana gyangyaɗi, ya manna mata tata a tsakiyar baya. Haka ta yafa gyale a kafaɗa ta tafi gidan suna, mata na bin ta da dariya ba ta san dalili ba. Da ta dawo tana huci, sai ta tarar da shi zaune ya yi tagumi.

"Kai ne da tagumi, ɗan nema? Ni ka mayar allon makaranta!"

"Iya, taki mai sauƙi ce. Akuya ta cinye sunanta, kuma ban riga na haddace ba."

Wata rana Sadisu ya ce, "Bakinka ya yi nauyi. Daga yau, tun hantsi har la'asar, kada Hausa ta fito daga bakinka. Turanci kawai." Ba a yi kwana uku ba, Iya na suyar ƙuli-ƙuli, wuta ta lashi danga ta bayanta. Nomau kaɗai ya gani. Ya buɗe baki, ya tuna doka, ya rufe. Bai san sunan danga da Turanci ba. Ya shiga ɗaki da gudu ya ɗauko ƙamus, ya zauna yana lasar yatsa yana buɗe shafi. Maƙwabta ne suka hango hayaƙi suka zo da bokitai. An kashe wuta, rabin danga ya zama toka, sai ga Nomau ya fito da murmushi, ya tsaya gaban jama'a ya furta jimlarsa a natse.

"Me yake cewa?" in ji Iya.

Sadisu ya sosa ƙeya. "Wai danga tana ci da wuta. Amma fa Iya, jimlar daidai take."

Wata rana Sadisu ya ɗaura masa agogo a hannu ya ce, "Lokaci ke kayar da mutane. Kowace tambaya minti ɗaya. In ta gagare ka, tsallake ta ka kama ta gaba, in ka gama ka dawo mata." Da yamma ga mai sayen gero ya zo da jakuna, Baffa ya laluba aljihu bai ji mabuɗin rumbu ba.

"Nomau, ina mabuɗin da na ba ka jiya?"

Nomau ya zuba wa agogo ido, yana motsa baki. Minti ya cika. "Na tsallake, Baffa. Kawo ta gaba."

"Ta gaban ubanka? Ina mabuɗi?"

"Wannan ai ita ce ta ɗazu."

Baffa ya fasa kwaɗon da gatari. Washegari yana alwala, Nomau ya zo ya durƙusa gabansa cikin ladabi. "Baffa, na dawo wa tambayar nan. Yana cikin hularka."

Wata rana Sadisu ya ce, "Fahimta ce ta rage. Duk rubutun Turancin da ka gani, kada ka wuce shi sai ka karanta har layin ƙarshe. Kalmar da ba ka sani ba, tsaya nan take ka duba ƙamus." Ranar kasuwa Iya ta aike shi cikin gari sayen maganin ido. Allon mai gyaran waya kaɗai ya cinye masa rabin awa. Yana kan karanta bayan wata babbar mota, saura kalma biyu, direba ya tayar. Nomau bai yi wata-wata ba ya ɗafe. Kwana biyu ana cigiya. Da ya dawo, fuska duk ƙura, ba magani, ya ce wa Iya ta taya shi murna, ya ƙarasa karanta rubutun. Ashe gargaɗi ne cewa kada kowa ya ɗafe motar.

Baffa ya ce, "Ku bar shi, gwajin hanyar kudu yake yi." Ya aika wa mai motar albasa cewa a ajiye wa mutum ɗaya wuri.

Wata rana, ita ce ranar jarrabawa, samarin gundumar su goma sha ɗaya suka tafi gari cikin wankakkun kaya, Sadisu a gaba, Nomau a baya rungume da ƙamus. A jikin ƙofar makarantar da za a zana an liƙa wata doguwar takarda mai ƙananan rubutu. Jama'a na ta shiga, ba mai kallonta. Nomau ya ja birki.

"Kai, taho mana!" in ji Sadisu. "Wa ke karanta takardar bango? Dokokin bara ne, kada a shiga da waya, kada a yi magana."

Nomau ya girgiza kai, ya buɗe ƙamus. Suka shige suna dariya, wani yana cewa a bar shi ya zana tasa jarrabawar da ƙofa. Minti arba'in yana tsaye cikin rana yana bin layi da yatsa. A can ƙasa, layi na ƙarshe, aka ce saboda ƙarancin kujeru, 'yan gundumar Rafin Gora su tafi makarantar firamare ta ƙetaren gada, ƙarfe goma daidai, wanda ya makara ba za a buɗe masa ba.

Nomau ya shiga ya same su zaune a inuwa suna jiran kiran suna. Ya tsaya gabansu ya kwararo Turancinsa, kai a ƙafa, ƙafa a kai, yana nuna gabas da hannu. Suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Sadisu ya ce, "Je ka, je ka, kada ka kunyata ni cikin mutane." An ce ya je, sai ya tafi.

Sai sha ɗaya da rabi, da aka gama kiran suna ba a kira nasu ba, suka fito suka karanta takardar. Suka isa ƙetaren gada da gumi, ƙofa a rufe. Ta taga suka hango Nomau shi kaɗai a layin gundumarsu, yana duba agogo, yana tsallakewa, yana dawowa.

Da sakamako ya fito, maki goma sha tara ya samu cikin ɗari. A duk gundumar Rafin Gora babu wanda ya fi shi, don babu wanda ya zana sai shi. Aka ba shi gurbi ɗaya, ɗayan aka ba wata gunduma. Iya Tabawa ta yi guɗa har akuya ta tsinke igiya. Motar albasa kuwa wurin mutum ɗaya yana nan a ajiye, kuma tun ranar Baffa ke yi wa ɗansa wani irin kallo.

Sadisu ya tare Nomau a zaure, ya cire tabarau, ido jawur. "Don girman Allah, Nomau, ka ga ba mu gane ba. Me ya hana ka faɗa mana da Hausa?"

Nomau ya dube shi da mamaki, kamar shi ne wawan.

"Haba Malam. Ai lokacin la'asar ba ta yi ba."