Ranar da Na Murza Ido da Hannun Barkono

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo auna natsuwarmu a wurin aiki ba. A koperatif ɗin mata nake, wato ƙungiyarmu ta haɗin gwiwa, nan Diffa, muna tsince busasshen tattasai da barkonon da ake kawowa daga bakin kogin Komadugu. Lokacin ana neman wadda za ta shugabanci masu tsinta, ni kuwa na riga na sa rai (har maƙwabta na gaya wa, Allah Ya yafe mini).

Wata Madam ta zo daga biro, wato ofis, da takardu, tana tambayar kowa shekarunta, da aure, da yawan ƴaƴa. Wai so take ta gane ko waɗannan na da hannu a yadda hankalin ma'aikaciya ke zama kan aikinta. Na cika tawa a hankali, da rubutuna na yaƙi da jahilci, sannan na gyara murya.

"Madam, ba sai kin wahala ba. Natsuwa sai mu manya. Ƴaƴa bakwai fa na rena. Waɗannan yaran, jiki na nan, hankali na cikin waya."

Falmata, ƴar budurwar da ke zama kusa da ni, ta ce, "To, Inna, mun ji."

Madam ta ce mu ajiye aiki, mu rufe ido, kowa ta saurari numfashinta kawai. Na rufe. Numfashi biyu na saurara, na ukun a gida ya same ni. Na rage wutar wake kuwa? Wa ya ɗaure akuya? Auta ta tafi lakwal ɗaukar karatu da takalmi?

"Ku buɗe."

Na buɗe, na sa hannu biyu na murza ido da kyau, kamar mai tashi daga barci. Hannun da tun safe yake cikin barkono! Ni da kullum nake yi wa sababbi faɗa kan taɓa ido.

Ihun da na yi, har mai gadi sai da ya leƙo. Na miƙe, na ture buhu, na taka tiren Madam na shayi. Falmata ce ta ja ni zuwa famfo, tana wanke mini fuska, tana cewa, "Sannu Inna, natsu. Saurari numfashinki."

Falmata aka ba shugabancin, kuma wallahi ta iya.

Ashe shekaru abin tunani suke ƙara wa mutum, natsuwa kuwa sai an koya. Yanzu in aka ce mu rufe ido, hannu nake fara wankewa, kuma bakina nake fara rufewa.