Rasuwar Rahaji, Motar da Aka Koya wa Yunwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Malam Hammawa Jauro na unguwar Ngojin, mai sayo shanu daga kasuwannin ƙauye yana kawowa Kasuwar Shanu ta Potiskum, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wani bawan Allah da ya taɓa sa kafaɗa ya taya shi turi, rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Rahaji. Ta rasu ranar Litinin da ta wuce, bayan la'asar, a kan hanyar Fika, cikin wannan shekara ta 1998. Shekararta ashirin a duniya, goma sha uku daga ciki a hannunsa. Ta yi doguwar jinya, wadda mai ita bai yarda jinya ba ce sai da ƙasa ta kusa rufe ido.

Marigayiya 'yar ƙasar waje ce, ja wur, mai shan gas ba fetur ba. Ta fara zama ne a hannun wani ma'aikacin gwamnati, Mista Oche, wanda ba ya kai ta ko'ina sai ofis da coci. A shekarun da ciwon bushiya ya share garken mahaifin Malam Hammawa, fari kuma ya biyo baya ya tsince saura, shanu goma sha ɗaya kacal suka tsira. Su ya kora kasuwa ya sayar, ya karɓi makullin motar. Gogo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ta kewaya ta sau biyu tana dogara sanda, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka ba da masu haihuwa, ka karɓo mai ci." Shi kuwa ya ce garken bai mutu ba, jiki ɗaya ya koma. Ya sa mata sunan jajayen shanun nan masu dogon ƙaho da ubansa ya fi so. Tun daga ranar ita ce gadonsa, ita ce kuma ƙafarsa. Da ita yake riga masu jiran akori-kura isa kasuwa, ya zaɓi na zaɓa, ya saya da sunan kansa. Kowa a kara ya san in babu Rahaji, babu Hammawa a rumfar masu saye.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaidi halinta. Mai haƙuri ce, ba ta da gaggawa, ba ta kuma son a gaggauta ta. Da safe sai an ba ta lokacinta, ta yi ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar mai tunani, ta sake ƙir-ƙir, sannan ta kama da gar-gar-gar-gar, har kwanuka su yi rawa a ɗakin Munawwara, uwargidan Malam. Ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki gawa. Ta taɓa ɗauko maraƙi mai karyayyar ƙafa a kujerar baya, kansa a waje ta taga, ba ta nuna ƙyama ba. Babban abin yabonta kuwa shi ne ƙana'a. A zamanin ƙuruciyarta, in aka cika mata ciki ranar Asabar, sai ta zaga kasuwa huɗu ta dawo Laraba da saura. Masu motocin fetur suna kallonta suna haɗiyar yawu.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekara biyu da suka wuce. Ta soma fitar da baƙin hayaƙi, tana nishi a hawa, abin da ke kai ta kasuwa huɗu ya koma da ƙyar yake kai ta biyu. Sai aka yi rashin sa'a ciwon ya haɗu da wahalar mai. Ba sai an ba mutanen Potiskum labari ba: layin gidan mai ya kan kai inda ido ba ya kaiwa, mutum ya yini biyu a ciki, ya zo bakin famfo a ce ya ƙare. 'Yan bumburutu kuwa, da jarkokinsu a bakin titi, sun zama sarakuna, sai an gaishe su da ladabi kafin su dubi mutum.

Likitanta na tun fil azal shi ne Nicodemus, makaniken da ke bayan tasha, mutumin da ya san cikinta fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa. Ya buɗe bonet, ya saurara, ya shafa bakin salansa da yatsa ya duba. Sannan ya ce da irin Hausarsa, "Malam, motan nan ba shi da aljani. Iska ne ba ya samu. Filta ya toshe, ka sayi sabo. Nozul ya gaji, mu wanke. Taya ka sa iska. Baƙin mai ka canza a lokaci. Kuma wannan kaya na but, Malam, ka sauke. Kana ɗauke da gida ne?"

Tambayar tana kan hanya. A but ɗin Rahaji akwai buhun kanwa, da turaku, da igiyoyi da za su ɗaure garke guda, da jarkar ruwa biyu, da tsohon sifirin da aka cire tun zamanin Mista Oche, wai ko wata rana. Malam Hammawa ya sa wa tayoyi iska, don wannan ba ta da wuya. Ya rage gudu, ya daina barinta tana gurnani a tsaye yana ciniki. Har nan lafiya lau, kuma ta ɗan ji daɗi. Amma kaya ya ce ba ya saukewa, makiyayi ba ya fita ba shiri. Maganar sabuwar filta da wankin nozul kuwa ya ce a bari sai abubuwa sun lafa.

A nan ne mai rubuta wannan sanarwa, wanda maƙwabci ne kuma ya sha turi, yake jin dole ya faɗi gaskiya ko da a gidan makoki ne. Malam Hammawa ba marowaci ba ne, ba kuma jahili ba. Iliminsa ne ya cuce shi. Mutum ne da ya tashi a bayan saniya, ya san yadda ake ratsa rani da garke: a rage kiwo kaɗan-kaɗan har ciki ya saba, a haɗa harawa da ƙaiƙayi don ta yi auki, a bar dabba ta rame, in damina ta faɗi ta murmure. Ya ratsa rani talatin da wannan dabara, ba ta taɓa ba shi kunya ba. To shi a ganinsa wahalar mai ma rani ce, Rahaji kuma jinin shanun ubansa ce, za ta koyi yunwa kamar yadda suka koya. Ba wanda ya iya fahimtar da shi cewa ƙarfe in ya rame ba ya mayarwa.

Sai ya shiga horar da ita. Ya fara haɗa mata gas da kananzir, kashi ɗaya cikin huɗu, daga baya rabi da rabi. Ya sami wani mai gyaran injin niƙa ya matse mata famfo don ta riƙa tsotsa kaɗan. In ya zo gangara sai ya kashe ta, ya saki giya, su sulala shiru kamar marasa gaskiya, fasinja suna salati. Baƙin mai kuwa ya daina juyewa, sai dai ya ƙara a kan na da, har ya yi kauri kamar kunu. Abin da ya fi duka shi ne filtar iska. Wata rana ya ciro ta ya duba, ya ga ta yi baƙi ƙirin ta toshe, sai ya ce ashe takunkumi ne aka sa wa baiwar Allah, irin wanda ake sa wa maraƙi don a hana shi nono. Ya jefa ta bayan katanga, ya mayar da murfi a kan fanko.

Kuma Allah da ikonSa, sai ta warware. Hayaƙi ya ragu, nishi ya tafi, ta koma kai shi kasuwa uku. Wata biyu Malam Hammawa yana taƙama a rumfa, yana cewa, "Aradu makanikai ba su san dabba ba." Nicodemus da ya ji labari ya ajiye aikinsa ya tako har Ngojin da rana tsaka. Ya ce, "Malam, hanyan da kake bi, hanyan shanu ne. Duk ƙasan da kofato ya tayar, cikin injin yake shiga. Yana cin ringin injin kamar fayil mai goge ƙarfe. Ina roƙonka." Malam ya ba shi ruwa, ya ba shi goro, ya raka shi bakin ƙofa da godiya. Filta dai ba a saya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Baƙin hayaƙi ya tafi, shuɗi ya maye gurbinsa. Muryar da aka sani da gar-gar-gar ta sami wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinta. Ta koma shan baƙin mai fiye da yadda take shan gas. Malam yana ji, yana gani, hankalinsa a tashe, amma kullum sai ya ce saura ƙiris rani ya wuce. Munawwara ta ce ya daina cin abinci sosai a makonnin nan, ya kan zauna a kan bonet bayan sallar asuba yana jan carbi.

Ranar Litinin ɗin, yana dawowa daga kasuwa shi kaɗai, ya sayi bijimai biyu ya ba masu korowa, sai a wani ɗan hawa Rahaji ta ɗaga murya. Ya ɗauke ƙafa daga totur, muryar ta ƙaru. Ya saki giya ya gangara gefe, ya murɗa makulli ya zare. Ga makulli a hannunsa, ita kuwa tana ta ƙara, wuuuuu, ƙarar da bai taɓa ji daga bakinta ba, farin hayaƙi ya rufe titi har masu keke suka watsar suka shiga gona. Daga baya Nicodemus ya bayyana cewa man jikinta ne ya haura ta bututun iska tana ƙonawa, kuma da an toshe mata bakin bututun da tsumma da ta tsaya. Malam Hammawa bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne yadda ake yi da saniyar da ta firgita. Ya rungumi bonet da hannu biyu, zafi yana cin tafinsa, yana shafa ta yana kiran sunanta, yana yi mata irin muryar da ake kwantar da garke da ita. Wani manomi da ya gani ya ce sun kai tsawon salla raka'a huɗu a haka. Sannan aka ji ƙwam, sau ɗaya, ƙarfe ya fasa gefen injin ya leƙo waje, ta yi shiru.

Nicodemus ya je da igiya washegari aka jawo ta. Bai ce na faɗa maka ba, Allah Ya saka masa. Ya leƙa, ya rufe, ya cire hularsa, ya ce ko a Kano sai dai wani injin, wani injin kuwa ya fi ƙarfin bijimai biyu. Da aka kai wa Gogo labari, tsohuwar ta jingine sandarta. Sannan ta ce, "Ɗan nan, da ƙoshi ta tafi ko da yunwa?" Malam Hammawa, mutumin da bai yi hawaye ba ranar da ya binne shanu sittin a rami ɗaya, ya fita soro ya yi kuka kamar yaro. Ya ce bushiya daga Allah ce, fari daga Allah ne, amma wannan da hannunsa ya yi. Garin neman ƙiba ya samo rama, kuma ba wanda zai kai ƙara.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, da tafin hannu biyu a naɗe da tsumma. Ta bar taya huɗu masu cikakkiyar iska, da ta biyar da ba ta taɓa ƙoshi ba. Ta bar batir mai sauran numfashi, da jak, da buhun kanwa da har yanzu ba a sauke ba. Ta bar galan biyu na gas haɗe da kananzir, wanda mota ba ta so, fitila ma ba ta so. Ta bar matan Ngojin da ba su san wa za su buga wa ƙofa ba in naƙuda ta tashi, da wani baƙin tabo a ƙofar gida wanda Malam ya hana a share.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba laifi a yi wa mai shi addu'a, don shi ne mabuƙaci. Gawar tana garejin Nicodemus, masu son ganin ƙarshe suna iya zuwa har zuwa ranar Alhamis. Ranar Juma'a da hantsi za a feɗe ta. Masu irin motarta za su zaɓi abin da zai amfane su, ƙofa ko gilashi ko fitila, saura kuma 'yan gwangwan su kwashe. Malam ya ce ba zai halarta ba, ya wakilta Nicodemus, ya kuma roƙi kada a fara saran sai an tabbata ya bar unguwar tasha.

Ana karɓar gaisuwa a gidansa da ke Ngojin, kusa da masallacin, har zuwa ranar Lahadi. Ba za a yi zaman bakwai ba, domin daga ranar Litinin Malam Hammawa zai kama aiki a wurin Alhaji Muhammadu Lawan, wani babban mai sayen shanu, cikin masu koro masa shanu a ƙafa daga kasuwannin ƙauye. Malam yana da shekara hamsin da shida. Yana roƙon abokan sana'arsa masu motoci, in sun gan shi a gefen hanyar Fika da sanda a kafaɗa, a bayan shanun da ba nasa ba, don Allah kada su yi masa ham, kada kuma su tsaya. Ya ce ya san hanya.