Baba Halliru Ba Ya Feɗe Abu Mai Rai

Jama'a, ku yi mini jaje, amma ku yi shi da dariya, don ni ma tun hantsi na kasa rufe bakina. Yau Juma'a na hau rufin kwano da wandona, na sauko ɗaure da zanin Clarisse mai sayar da folere, wato zoɓo. Wandon yana can sama har yanzu, yana shan rana. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, mai jikoki uku, ya ratsa kasuwa cikin atamfa mai zanen kifi, kuma wallahi na daɗe ban ji daɗin wata rana kamar ta yau ba.

Bari in faro muku daga farko. Kun san sana'ata, yaji da gishiri nake sayarwa a gindin rumfar mahauta, a ƙaramar kasuwar unguwarmu nan Garoua. In mahauta sun yi ciniki ni ma na yi, in namansu ya yi wari yajina ya kwana a kwano. Suna da wani ƙaton firigo, na'urar sanyaya nama, da suka haɗu suka saya shekara huɗu da suka wuce, amma kun san halin wutar garin nan. Takan leƙo ta ce "jam na?", kafin ka amsa gaisuwar ta yi gaba. Firigon nan ya daɗe da zama akwatin ajiye wuƙaƙe da takalma.

Ran Litinin sai ga wata farar mota. Wani ma'aikaci mai hular roba ya fito, ya ce sunansa Misye Jules, an aiko shi ya sa mana wutar rana. Ya sauke faifai goma sha biyu, su suna ce musu pano. Ba irin masu nauyin nan na gilashi ba ne da ake kafa wa ƙarafa. Waɗannan sirara ne, baƙaƙe, suna lanƙwasa kamar tabarmar roba. Ka ɓare takardar da ke bayansu, ka shimfiɗa a kan kwano, ka danna da tafin hannu, shi ke nan sun kama. Babu ƙusa, babu walda, har a rufin mota ana liƙa su in ji shi. Kafin la'asar ya ja waya ya haɗa da batir, firigo ya yi tari sau biyu ya kama gurnani.

Talata kuma Mai Girma Sarkin Almakashi, babban gwamnatin nan mai yanka ƙyallen buɗe ayyuka, ya iso, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Mota goma sha ɗaya na ƙirga, kuma duk tsawon jawabin ba a kashe ko ɗaya ba, don kada kujeru su yi zafi. Mu da muke wuni a layin mai saboda lita biyu, mun ji daɗin ganin inda man yake tafiya, ai gara mutum ya sani. Mai Girma ya yi kusan awa guda yana Faransanci, ya yanka ƙyalle, ya buɗe firigo, ya kurɓi ruwan sanyi aka ɗauki hoto. Ya ɗaga yatsa sama ya ce wannan wuta tamu ce har abada. Na tafa har tafin hannuna ya yi ja, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Baba Halliru, dattijon mahautanmu, ya fi ni yarda da maganar. A da su huɗu suke raba sa guda, saboda abin da bai ƙare kafin la'asar ba, a zafin watan Afrilu, sai dai a yi kilishi da gaggawa ko a zubar. Amma jiya Alhamis ya kayar da bijimin da ya shekara yana kiwo a bayan gidansa, shi kaɗai. Ya sayar da kashi ɗaya, kashi uku ya jera a firigo ya rufe, ya koma gida yana taku ɗaiɗai. Duk abin da ya mallaka yana cikin akwatin nan.

Yau da safe farar motar ta dawo, da tsani a samanta.

"Papa, ku yi haƙuri," in ji Misye Jules yana kallon ƙasa. "An ce in cire pano. Gobe akwai biki a Guider."

Baba Halliru ya ajiye wuƙa. "Bikin me, ɗana?"

"Bikin wutar rana, Papa."

"To su Guider ba su da nasu?"

Jules ya juya ya jingina tsani. Direbansa Dimitri ne ya matso wurina kamar mai sayen yaji, ya raɗa mini a kunne cewa faifan nan goma sha biyu kasuwa biyar suka yi kafin tamu. A liƙa, a yanka ƙyalle, bayan kwana uku a ɓare, a wuce gaba. Ya ce har ya san su ɗaya bayan ɗaya, akwai mai tabo a kusurwa tun daga Figil. A takarda kuwa kowace kasuwa tana da nata sha biyun, suna nan daram suna aiki.

Kun ga hikima? Ni fa na sara wa manyanmu. Wasu ƙasashen sai sun sayi faifai saba'in da biyu kafin su haskaka kasuwa shida. Mu kuwa Allah ya ba mu masu tattali.

Sai dai an samu matsala. Dimitri ya ce a sauran wuraren kusurwoyi kawai ake ɗan manna wa, yadda za su fita da sauƙi. Wannan karon Jules sabo ne a aikin, ba wanda ya gaya masa sirrin, sai ya bi abin da aka rubuta a jikin kwali, ya ɓare takardar gaba ɗaya. Ranar Garoua kuma ta kwana huɗu tana dafa gam ɗin. Ya kama na farko ya ja, ya ƙi. Ya sa ƙarfi, sai muka ji kyaat, faifai ya yage biyu. Ya kira patron ɗinsa, wato ubangidansa, daga ƙasa muna jin ihun da ke fita daga wayar.

A nan ne basira ta zo masa. Ya leƙo daga sama, ya ga mutanen da kullum suke raba fata da nama ba tare da huda ko ɗaya ba. Ya sauko, ya cire hula.

"Papa, don Allah ki taimake ni," in ji shi, Hausar ta fara kuɓuce masa. "Hannunka ya san aikin. Ka cire mini su kamar fatar saniya."

Na ɗauka Baba Halliru zai yi zagi. Sai na ga ya ɗauki wuƙarsa ta fiɗa, ya wasa ta a hankali, ya naɗe riga ya hau tsani. Kasuwa ta tsaya cak. Ni kuwa da ba a barina a baya wajen kallo, na bi shi.

Ya durƙusa gaban wanda ya yage, ya zura bakin wuƙa a ƙarƙashi, yana ja da hagu yana shafawa da dama. Cikin minti biyu ya ɗago shi sumul ya miƙa wa Jules. Jules ya washe baki yana godiya da Fulatanci, "useko, Papa, useko", ya nuna masa na biyu.

Baba Halliru ya ɗora tafin hannu a kan na biyun, ya karkata kunne wajen rumfa inda firigo ke gurnani. Sannan ya goge wuƙa a cinyarsa ya mayar da ita kube.

"Wancan ka riga ka kashe shi, shi ya sa na feɗe. Waɗannan suna da rai, ga numfashinsu can ina ji. Shekarata arba'in a fawa, ban taɓa feɗe abu mai rai ba."

"Papa, pano ne fa!"

"Na sani. Amma mu a mayanka muna da tsari. Sai an yanka, sai likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi, sannan wuƙata ta taɓa fata. Wanda ya yanka ƙyalle ran Talata ya zo ya yanka waya a gaban jama'a. In ba shi da lokaci, ya aiko takarda da sunansa da hatiminsa, a rubuta a ciki cewa a cire na Garoua a kai Guider. Kana kawowa, kafin ka sha ruwa na gama maka."

Jama'a, dariya ce ta kama ni har na zauna daɓas. Ashe daidai inda aka cire faifan na zauna, kan gam mai zafi. Amma a lokacin ban kula ba, hankalina yana kan Jules da wayarsa. Ya kira mutum na farko, aka ce yana taro. Na biyu ya ce takarda ba daga ofishinsa take fita ba. Na uku, Allah ya ja zamaninsa, ya ɗauka da bakinsa ya ce yana Tcholliré inda babu rezo, wato waya ba ta shiga, a sake kira wani makon. Wa zai sa hannu a cire abin da takarda ta ce yana nan har abada? Mutanen da suka sa muka yi ta hawa da sauka shekara da shekaru saboda hatimi guda, yau an nemi nasu an rasa.

Da na yunƙura zan tashi in yi guɗa, sai rufi ya ce ina. Na ja, kwano ya biyo ni. Na ce, "Baba Halliru, ni ma fa mai rai ne." Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, wando zan taɓa, ba kai ba." Ya tsaga shi gefe da gefe, Clarisse ta cillo zani daga ƙasa tana dariya har da hawaye, tana cewa in dawo mata da shi a wanke.

Jules kuwa ya ba ni tausayi, gaskiya. Ya zauna a inuwar rumfa ya rafka tagumi, Baba Halliru ya buɗe firigo ya ba shi ruwa mai sanyi. Naman yana nan jajir, ko ƙuda bai san da shi ba. Jules ya shanye, ya ce in ya je Guider hannu wofi aikinsa ya ƙare. Can sai ya miƙe ya nufi shagon Simone mai kayan roba. Muna kallo ya sa ta yanka masa baƙar leda mai kauri, mai sheƙi, guda goma sha biyu, daidai tsawon pano. Ya naɗe su ya jefa a mota, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba, suka kama hanyar arewa.

Ɗazu bayan la'asar surukina Muktar, mahauci a Guider, ya kira ni cike da murna. Wai gobe za a sa musu wutar rana, Mai Girma da kansa zai zo, shi ya sa ya ware bijimai biyu zai kayar da asuba. Ina riƙe da kofin ruwan sanyi a hannu, sai na ajiye shi a gefe.

Na ce masa, "Muktar, don girman Allah, yanka kaza."