Ranar da Kuran Ya Komo

Ba zan taɓa mantawa da mangwaron gidan da na fara zama a Illela ba, lokacin da aka turo ni koyarwa daga Zariya. Rassansa sun yi tsawo har suna gogar wayoyin lantarkin da suka bi ta bakin katanga. Matata Hadiza kullum sai ta ce in kira ma'aikatan wuta su rage su. Ni kuwa, uban 'yan iyawa, na ce reshe nawa ne da za a tara mini jama'a?

An yi kwana da kwanaki ba wuta, don haka wata Asabar da hantsi na ɗauki adda na ɗare bishiyar. A lissafina wayar da ba komai a cikinta igiyar shanya ce.

Ina cikin sara sai na ji muryar maƙwabcina Alhaji Mamman, mutumin Konni ta Nijar mai sayar da kayan babur.

"Malam, mi kaka yi bisa iccen ga? Sabko, kuran ya komo."

Ni kura na ji ya ce. A makon nan aka yi ta zancen wata kura da ta addabi awakin makiyaya wajen Tozai.

"Alhaji, a ina?"

"Ga shi nan ko'ina, har cikin gidanka."

Cikin gidana? (Ni da nake koyar da Hausa, ban ko tsaya tambayar yaushe kura ta koma namiji ba. Tsoro bai san nahawu ba.) Abu ɗaya na tuna: kura ba ta hawa bishiya. Sai na saki adda na ƙara yin sama.

"Malam, ƙasa nac ce maka."

"Alhaji, in ƙasan lafiya ce kai ka tsaya. Hadiza, rufe ƙofa."

Yana roƙona in sauko, ina ƙara hawa, ina mamakin wannan dattijo da ke son miƙa ni ga kura. Mutane suka taru. Ban gane abin da ya sa ba wanda ke gudu ba, kuma kowa sama yake kallo.

Hadiza ce ta fito da gudu. "Baban Amina, kada ka motsa. Wuta aka kawo."

Na ɗaga kai a hankali. Waya na bisa hulata, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Ashe lantarki ne mutanen Nijar ke kira kuran. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na sulalo ƙasa da salati, wani reshe ya riƙe rabin wandona bai ba ni ba.

Washegari ma'aikata suka zo, suka kashe layin tukuna, sannan suka rage rassan. Abin bai ɗauke su lokaci ba.

Har na bar makarantar, ɗalibai Malam Kure suke kirana a bayan ido. Abin da na koya: reshen da ya kusanci waya ba na adda da ƙarfin hali ba ne. Kuma in Bakonne ya ce ka sauko, sauko tukuna, fassara ta biyo baya.